Me Ya Sa Bidiyonka Ke Fizga Idan Ka Juya Kyamara?

Makon jiya na tsaya a St Peter's Square, nan Manchesta, ina bin jirgin Metrolink da kyamara daga hagu zuwa dama. Da na duba bidiyon, sai ga hoton yana tirjewa, can kuma ya yi tsalle. Wallahi na zaci hannuna ne.

Ashe ba shi ba ne. A cikin kyamara akwai 'yar na'ura mai jin motsi, jairoskop. Duk motsin da ta ji, sai gilashin lens ya matsa don ya soke shi. Amma ba kullum take bambance karkarwar hannu da juyin da ka yi da gangan ba. Sai gilashin ya yi ta ja har ya ƙure, sannan ya koma tsakiya da ƙarfi. Fizgar ke nan.

Magani? A lens ɗin Canon, koma Mode 2: in kana juyawa gefe, girgizar sama da ƙasa kaɗai zai gyara. Mai gimbal na DJI kuwa, zaɓi Pan Follow.

Na sake gwadawa gaban tashar New Street a Birmingham, hoto ya tafi sumul. Ku gwada ku gani.