Seim: Mutanen da Hanya Ta Fi Komai Yi Musu Wuya

Duk wanda ya ji an ce Mende, hankalinsa Saliyo zai tafi. To amma akwai wasu Menden daban a ƙasar Papua New Guinea, arewa da Ostireliya, waɗanda kuma ake kira Seim, kuma babu abin da ya haɗa su da na Afirka sai suna. Suna zaune ne a gundumar Nuku ta lardin Sandaun, kudu da tsaunukan Torricelli, kuma masu jin harshensu kimanin 5,700 ne a ƙididdigar 2003. A ƙasar da ke da harsuna sama da 800, wannan adadi ba abin rainawa ba ne. Idan ana maganar irin waɗannan ƙananan al'ummu, akan yi saurin tambayar me suke bauta wa. A ganina tambayar da ta fi dacewa ita ce: awa nawa mai naƙuda za ta yi a kan hanya kafin ta ga ungozoma?

Abinci dai a yankin ake noma shi. Ana sassabe daji a shuka doya da gwaza da ayaba, ga kuma sago, bishiyar fadama mai kama da tukurwa. Maza su sare ta su tsaga kututturen su farfashe ɓargon ciki, mata su yi ta zuba ruwa suna matsewa har gari ya kwanta a ƙasan kwami. Ƙasar noma kuwa ta dangi ce, gado kaka da kakanni, kamar yadda kusan dukkan filayen ƙasar suke. Kuɗi ne ke wuya, kuma tarihin banila ya nuna dalili. Wannan tsiro mai yaɗo da hannu ake yi masa barbara, fure bayan fure, cikin 'yan sa'o'in da yake buɗe, sannan a jira wata tara kafin 'ya'yan su ƙosa. Wahala ce sosai, amma da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2003, manoman yankin Sepik, wanda ya haɗa da ƙasar Seim, suka yi masa caa, don abin da za a cusa a jaka ɗaya a saɓa a kafaɗa ya fi buhunan koko daraja. Wanda motar kaya ba ta zuwa ƙofarsa, dole ya nemi abin da ƙafa za ta iya kaiwa kasuwa. Da farashin ya faɗi a 2004, aka koma gidan jiya.

Ko batun addinin ma da rashin hanya yake ɗaure. Yawancin mutanen yankin Kiristoci ne, amma tsoron maita, wadda a harshen Tok Pisin ake kira sanguma, bai gushe ba a sassa da yawa na ƙasar. Har doka aka yi a kan sihiri a 1971, sai a 2013 majalisa ta soke ta bayan kashe-kashen waɗanda ake zargi. Wasu za su ce wannan ciwon zuciya ne, wa'azi ne maganinsa. Wa'azi yana da muhalli, ban musa ba. Sai dai inda saurayi lafiyayye zai kwanta da zazzaɓin cizon sauro ya cika cikin kwana uku ba wanda ya gwada jininsa, dangi za su nemi wanda za su ɗora wa laifi, kuma maƙwabci ya fi sauro sauƙin kamawa.

Cikin hujjojin masu adawa da gina hanya, wadda ta fi nauyi ita ce ta masu cewa hanya ba likita kaɗai take kawowa ba. Gaskiya ne, kamfanonin katako ma ita suke bi. Tsakanin 2003 da 2011 an ba da hayar fiye da hekta miliyan 5 na filayen gado da sunan aikin gona, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike da ya gano an ba da mafi yawansu ba bisa ƙa'ida ba. Amma a lura, kamfanin katako ba ya jiran gwamnati ta yi masa hanya; da katafilarsa yake zuwa ya fasa tasa, ya kwashe gungume, damina biyu ta cinye ta. Mutanen da ke iya zuwa garin Wewak ko Vanimo su ga lauya su dawo, su ne ke da damar karanta takardar hayar kafin su dangwala mata yatsa. Haka ma tsoron ɓacewar harshen Seim: Tok Pisin bai jira kwalta ba, tuni ya shiga ta coci da makaranta da bakin samarin da suka dawo daga cin rani.