Yadda Za Ka Ajiye Wakenka Ba Tare Da Magani Ba

Manomi, auduga ita ce kuɗin shekara, amma ba a cin ta. Waken da ka shuka kusa da gonar auduga shi ne abincin gida, kuma shi zai rufa maka asiri kafin kuɗin auduga su shigo. Babban abokin gabansa ƙwaro ne.

Yadda ƙwaro ke ɓata wake

Tun a gona ɓarna take farawa. Uwar ƙwaro takan saka ƙwai a jikin wake. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai tsutsa ta huda ƙwayar, ta shige ciki tana ci. Cikin kamar wata ɗaya ta zama babba, ta fito, ita ma ta saka nata ƙwai. Haka suke ta yaɗuwa, har bayan wata kaɗan buhu ya koma huji da gari. Tsoron wannan ne ke sa mutane su sayar da wake da kaka, lokacin da ya fi araha.

Waɗansu kuma sukan zuba maganin feshin auduga cikin wake. Kada ka yi haka ko kusa. Guba ne, don gona aka yi shi. Wanki da dafuwa ba su tabbatar da ya fita, ga shi kuwa iyalinka ne za su ci.

Abin da masu bincike suka gano

Daga 1987 wani masani na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, ya yi aiki tare da masu binciken noma a Marwa, arewacin Kamaru. Suka ga in an ɗaure wake cikin leda mai kauri yadda iska ba ta shiga, ƙwaro ya daina ɓarna. A 2007 aka fara yaɗa buhun da ake kira PICS a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Masu bincike na INRAN a Maraɗi su ma sun gwada shi, ya yi aiki.

Ga dalili. Ƙwaro yana numfashi kamar kowane mai rai. In an rufe buhu, shi da kansa zai shanye iskar da ke ciki. Daga nan sai ya daina ci, ya daina haihuwa. Kuma da iskar nan ne jikinsa ke samar wa kansa ruwa daga abin da ya ci. In babu ita sai ya bushe ya mutu. Wake kuwa yana nan da kyansa da ɗanɗanonsa, in an shuka shi ma zai tsiro.

Yadda za ka yi

Buhun ninki uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhu na saƙa a waje. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100.

1. Ka shanya wake ya bushe sarai. In ka ciza ya fashe ƙas, to ya yi.
2. A sheƙe shi, a fid da ƙaiƙayi da tsakuwa, don kada su huda leda.
3. Ka duba kowace leda. Ka cika ta da iska, ka riƙe baki, ka danna. In tana sacewa, kada ka yi aiki da ita.
4. Ka sa leda cikin leda, ka sa su cikin buhu, sa'an nan ka zuba wake. Ka bar wurin ɗauri.
5. Ka matse iska waje, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa, ka ɗaure tam. Ka yi wa ta biyu haka, sa'an nan buhu. Kowanne da ɗaurinsa.
6. Ka ɗora buhu bisa itace, nesa da bango, inda ɓera ba zai kai ba. Huji ɗaya ya isa ya ɓata aiki.

Kada a riƙa buɗewa don ɗiban na girki. A ware na ci dabam tun farko. In ledar ba ta huje ba, ka adana ta, za ta yi maka baɗi.

In kana son a nuna maka ɗaurin da hannu, ka tambayi malamin gona na wurinku. Allah ya ba mu kaka mai albarka.