Ɗan kamasho da mai tirela: Wa ke da alhakin kaya daga Gombe zuwa Abuja?

Jihar Gombe ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, wato Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, kuma a babban birninta hanyoyin Bauchi da Yola da Biu da Potiskum suka haɗu. Jirgin ƙasan da ya iso garin a 1963, wanda ya yi shekaru yana kwasar auduga da gyaɗa zuwa kudu, ya daɗe da barin wannan aiki. Yanzu buhun wake ko na masara da ya bar kasuwar Tudun Hatsi, da simintin da ya fito daga Ashaka, kusan duk a bayan tirela suke tafiya.

Kafin tirelar ta tashi kuwa, sai mutum uku sun yi yarjejeniya: mai kaya, da mai mota ko direbansa, da ɗan kamasho. Na ukun ba shi da mota, ba shi da ko buhu ɗaya a cikin lodin, amma sau da yawa a bakinsa ake yanke kuɗin dako.

A ɗauki ɗan kasuwa a unguwar Barunde da ya sayi wake buhu 300 zai kai Abuja. Nauyin ya kai tan 30, cikin tirela guda ke nan. Bai san wace mota ce ta sauke taki ko fulawa jiya tana neman abin da za ta koma da shi ba, bai kuma san wane direba ne mai amana ba. Ɗan kamasho ya san duka biyun, domin zaman tasha shi ne sana'arsa. Zai kira direba, a yi ciniki, a rubuta webil, a biya kafin alƙalami wanda direba zai sha mai da shi, cikon kuma sai kaya sun sauka. Daga cikin kuɗin ne yake cire la'adarsa.

Masu kallon harkar daga ofis sukan ɗauke shi a matsayin ci-ma-zaune da ke ƙara wa kaya tsada. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman inda lodi ɗaya ya bi ta hannun dillalai biyu ko uku, kowa ya yagi rabonsa, har abin da ya isa hannun mai mota ya gaza kuɗin taya da gyara. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Babbar asarar mai tirela ita ce dawowa wayam. Motar da ta kai kaya ta Bauchi da Jos da Akwanga da Keffi, ta juyo babu komai a bayanta, ta ƙona man dizal sau biyu a kan lodi ɗaya, kuma mai saye a kasuwar Wuse ko Utako ne zai biya a ƙarshe. Tun da farashin dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022, wannan asara ta ƙara nauyi. Dillalin da ya samo wa motar lodin dawowa ya rage kuɗin dakon kowane buhu fiye da abin da ya ɗauka.

Hajarsa ta biyu ita ce lamuni. Mai kaya yana miƙa dukiyar miliyoyin naira ga direban da bai taɓa gani ba saboda ɗan kamasho ya ce ya san shi, ya san uban gidansa, ya san garejin da motar ke kwana. Idan motar ta ɓace wa waya kwana biyu a hanya, shi ake tasowa da tsakar dare.

A nan ne kuma tsarin yake da rauni. Aikin mai mota a bayyane yake: ya kawo mota mai lafiya da direba mai lasisi, ya kai kaya yadda aka loda su. Amma idan tirela ta faɗi a gangaren Filato, ko ruwa ya jiƙa buhuna saboda tamfol ya yage, ko aka sauke aka tarar babu buhu goma, wa zai biya? Inshorar da doka ta wajabta wa mai mota tana biyan wanda aka yi wa ɓarna a kan hanya ne, ba ta shafi kayan da ke cikin motar ba, kuma ƙananan 'yan kasuwa ba kasafai suke sayen inshorar kaya ba. Ɗan kamasho zai ce shi haɗawa kawai ya yi. Mai mota zai ce ƙaddara ce. Galibi maganar kan ƙare ne a gaban shugabannin tasha ko na kasuwa, a raba asarar bisa sulhu, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne yake ɗaukar kaso mafi tsoka.

Dokokin da ake da su sun tsallake wannan mutum. Dokar 2007 da ta kafa majalisar CRFFN ta tsara sana'ar masu fiton kaya, amma ƙarfinta ya fi yawa a tashoshin jiragen ruwa da na sama da kan iyakoki. Tsarin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC ta ɓullo da shi a shekarar, na tantance kamfanonin sufuri, ya shafi masu motoci biyar zuwa sama ne, alhali da yawa daga masu dakon hatsi mota ɗaya ko biyu gare su. Ƙungiyar NARTO tana magana da yawun masu motoci, NURTW kuma ta ma'aikatan sufuri. A Amurka, tun 2013 ba a ba dillalin kaya lasisi sai ya ajiye jinginar dala 75,000, wadda za a biya mai mota daga cikinta idan dillalin ya riƙe masa kuɗi. Ba wanda zai nemi irin wannan adadi daga ɗan kamashon Tudun Hatsi, amma rajista mai sauƙi, da webil iri ɗaya mai ɗauke da sunan dillali da na mai mota da abin da kowa ya ɗauki alhakinsa, ba su fi ƙarfin ma'aikatar sufuri ba.

An gwada mayar da dillancin cikin wayar hannu. Kamfanin Kobo360, wanda aka kafa a 2017, ya tara dala miliyan 30 a 2019 domin haɗa masu kaya da masu motoci ta manhaja. Ya ci karo da matsalar da kowane ɗan kamasho ya sani: direba yana son kuɗin mai kafin ya tayar da mota, manyan kamfanoni masu kaya kuma sukan ɗauki makonni kafin su biya, sai dillali ya cike giɓin daga aljihunsa.

Wannan ya shafi jami'an da ke tsara rabon taki da hatsin tallafi daga Abuja. Kwangilar dako takan faɗa hannun kamfani mai ofis da takardu, wanda ba lallai ne yana da tirela ko ɗaya ba. Shi ma tasha yake komawa ya nemi ɗan kamasho, kuma sunan direban da zai ɗauki kayan gwamnati zuwa Gombe ba ya cikin fayil ɗin da aka sa wa hannu.