Lambar Kaka Ba Kayan Gwangwan Ba Ce

A hutun da ya wuce mun zaga ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa, muna neman gidajen tsofaffin sojoji. A wani gida wata dattijuwa ta buɗe adakarta, ta kwance wani ƙulli. Sai ga tauraron tagulla mai tsini shida, rataye da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Ta ce na marigayi maigidanta ne, na yaƙin Bama.

Sunan lambar Burma Star. Ingila ce ta bai wa waɗanda suka yaƙi Japan a ƙasar Bama tsakanin 1941 da 1945. Dubban samarin Arewa, yawancinsu manoma, sun bar fartanya sun shiga Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Aka kai su Indiya ta jirgin ruwa, suka kutsa kurmin Arakan, suka kuma ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945.

Abin takaici, a wasu gidajen an ce mana yara sun ɓatar da lambobin wajen wasa, ko an sayar wa 'yan gwangwan. A Ingila kuwa masu tara irinsu har gwanjo suke zuwa saye.

Don haka, ɗalibai, idan akwai a gidanku, kada ku goge ta da toka ko yashi. Ku ɗauki hotonta. Ku zauna da kaka tun tana raye, ku rubuta sunan mai lambar, da garinsu, da abin da ya ba ta labari. In babu wannan, tagulla kawai kuka gada.