Ganyen Tsibirin Karita Da Noma Ya Rage Wa Wahala

'Yan'uwa manoma, masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san Karita, tsibirin nan na Bahar Rum inda Manzo Bulus ya bar Titus. Yau yana cikin ƙasar Girka. A can akwai wani ɗan tsiro da ake kira diktamo, dangin na'a-na'a ne da ɗaɗɗoyarmu. Duk duniya babu inda yake fitowa da kansa sai a wannan tsibiri.

Tsayinsa bai cika wuce santimita 30 ba. Ganyensa zagaye ne, da gashi fari-fari mai laushi, furensa kuwa ja-ja ne. Ba ya son inda ruwa ke kwanciya. A tsagar dutse yake tsira, a jikin kwazazzabai masu zurfi. Mutanen wurin suna dafa shi kamar shayi domin ciwon ciki, suna kuma sa shi a rauni. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin nan Aristotal ya rubuta cewa awakin jeji na Karita suna nemansa su ci in kibiya ta same su.

To, abin da ke da kasuwa ba ya rasa masu nema. Samari sukan hau duwatsu da igiya su tsinko shi, waɗansu har suka faɗo suka mutu. Masu gaggawa kuma sukan tumɓuke shi da saiwa, sai ya yi ta raguwa.

Wajen shekarun 1920 manoman tsibirin suka soma shuka shi a gona, musamman a ƙauyen Embaros. Ana shuka irin, ko a yanki reshe a dasa. In ya yi fure a yanke sama a shanya a inuwa, gindin kuwa ya sake tohowa. Yanzu yawancin wanda ake sayarwa na gona ne, na dutse kuma doka tana kare shi.

Kun ga darasin. Mu ma muna da itatuwan magani da ake tonon saiwarsu, ana ɓare musu ɓawo, kamar maɗaci, har su bushe. A taronku na gaba ku lissafa waɗanda suka fara wuyar samu a dajinku. Ku tara irinsu, ku keɓe ɗan fili kusa da rijiya ku rene su. Mai ɗiba kuma ya yanki kaɗan, ya bar gindi. Allah ya sa mutum a gonar Adnin domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Ya taimake mu mu riƙe wannan amana.