Yadda Sojojin Jiki Ke Cutar da Huhun da Suke Gadi

A wannan fitowar mun kawo muku bayani a kan wata cutar huhu mai daɗewa da likitoci ke kira COPD, wato toshewar hanyoyin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cutar ta kashe mutum sama da miliyan 3. Abin mamaki shi ne, sojojin da ke kare jikinmu suna da hannu a cikin ɓarnar.

Bari mu fara da huhun kansa. A cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska sama da miliyan 300. Ta nan ne iskar oksijin ke shiga jini. Jakunkunan suna talewa idan muka shaƙi iska, su koma yadda suke idan muka fitar, kamar balan-balan. Kullum muna numfashi kusan sau 20,000, kuma tare da iskar ƙura da ƙwayoyin cuta kan shiga.

Saboda haka Allah ya sanya wa huhu masu gadi daga cikin fararen ƙwayoyin jini. Na farko sunansa makrofaj, ma'ana babban maciyi. Yana zaune a cikin jakunkunan, yana haɗiye duk wata ƙura ko ƙwayar cuta da ta iso. Wani masani ɗan Rasha mai suna Metchnikoff ne ya gano wannan ɗabi'a ta haɗiya, har ya samu kyautar Nobel a 1908. Idan abin ya fi ƙarfin makrofaj, sai ya saki wasu sinadarai masu kiran agaji. Nan take na biyu, wato niyutrofil, zai fito daga cikin jini ya zo da makaminsa, wani sinadari mai narkar da ƙwayoyin cuta. Da zarar an gama yaƙi sai kowa ya lafa, huhu ya warke. Haka ake yi idan ciwo na 'yan kwanaki ne.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce hayaƙi. Mai shan taba sigari, ko mai girki da itace a rufaffen ɗaki, yana shaƙar hayaƙi yau da gobe har shekaru. Makrofaj ba ya daina kiran agaji, niyutrofil kuma ba ya daina zuwa. Makamin nan nasa bai san abokin gaba ba, bai san na gida ba. Yana narkar da zaruruwan da ke sa jakunkunan iska talewa. Hanta tana yin wani sinadari da ke taka wa makamin birki, amma hayaƙin taba yana raunana shi. A 1963 wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Laurell da Eriksson, suka lura cewa mutanen da aka haifa da ƙarancin wannan sinadarin huhunsu kan lalace da wuri. Wannan ya taimaka aka fahimci cewa ɓarnar daga cikin gida take fitowa.

A hankali bangon jakunkunan yana yagewa, ƙanana su haɗe su zama manya marasa ƙarfi. Hanyoyin iska su kumbura, majina ta yi yawa. Sai mutum ya kama tari da kaki, ya riƙa haki ko da ɗan tafiya kaɗan ya yi. Jakunkunan da suka yage ba sa dawowa. Magani yana sauƙaƙa numfashi ne kawai, amma daina shaƙar hayaƙin yana rage saurin lalacewar sosai.

Wannan magana ta shafe mu, domin a yawancin gidajenmu da itace ko gawayi ake girki, kuma iyayenmu mata da ƙannenmu da ke goye su suka fi shan hayaƙin. Mu roƙi a riƙa girki a fili ko a buɗe taga, kuma a yi amfani da busasshen itace. Mu daina ƙona leda da taya a bola. Idan hazon hunturu ya yi yawa mu rufe hanci da baki. Duk abokin da ya miƙo mana sigari mu ce masa a'a. Wanda kuma ya yi tari ya kai mako biyu, a kai shi asibiti, domin tarin fuka ma da haka yake farawa, kuma shi yana warkewa idan an sha magani yadda aka ce.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.