Wace Kwamfutar Cinya Ce Ta Dace da Ma'aikaci da Ɗalibi?

Duk wanda ya shiga kasuwar Farm Centre ta Kano, ko Banex ta Abuja, ko kuwa ya gangara Ikko ya leƙa Computer Village da ke Ikeja da niyyar sayen kwamfutar cinya, tambayar farko da mai kanti zai yi masa ita ce nawa ya zo da shi. Da ya faɗa, sai a jera masa guda huɗu ko biyar, kowacce da ƙyallinta, a ce ya zaɓa. Galibin mutane a nan suke yin kuskure, domin kuwa tambayar da ta kamata mutum ya yi wa kansa tun kafin ya baro gida ita ce wane aiki zai sa na'urar, kuma ina da ina zai riƙa ɗaukarta.

Batun ba na wasa ba ne. Tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki darajar naira ga kasuwa, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma babu kwamfutar da ba da dala ake shigo da ita ba. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci, ko uban da ɗansa ya sami jami'a, gumin watanni masu yawa zai zuba a kan na'ura guda. In ya zaɓa daidai ta yi masa shekara biyar. In ya kuskure, kafin shekara ta zagayo ta koma ƙarƙashin gado.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa manyan kamfanoni iri biyu suke ƙerawa. Akwai ta gida, wadda aka fi kula da kyanta da araharta, akwai kuma ta ofis, wadda bankuna da ma'aikatu ke saye ɗari-ɗari su raba wa ma'aikatansu. Ta ofis ɗin ita ce ThinkPad a wurin kamfanin Lenovo, EliteBook da ProBook a wurin HP, sai Latitude a wurin Dell, ko da yake a 2025 Dell ya sauya wa sababbin suna zuwa Dell Pro. Waɗannan ba su cika ɗaukar ido ba, amma maganar ƙwari sai su: mahaɗin murfinsu ba ya saurin karyewa, kayan gyaransu ba sa wuya, kuma kamfanonin suna buga littafin da ke nuna yadda ake kwance su. Ma'aikatun Turai da Amurka kan yi amfani da su shekara uku ko huɗu su sake sababbi, tsofaffin kuwa su ne ke cika kasuwanninmu da sunan tokumbo.

Bari mu ɗauki gida ɗaya mu duba, domin abin da ke cikinsa shi ne a sauran. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara ƙera ThinkPad a 1992, kafin Lenovo na ƙasar Sin ya saye wannan sashen a 2005. 'Ya'yan gidan da haruffa ake bambanta su. X1 Carbon, wadda ta fara fitowa a 2012, ita ce 'yar lele, nauyinta bai wuce kilo 1.1 da 'yan kai ba, kuma tana cikin mafiya tsada. T14 ita ce ta tsakiya, tana kusa da kilo ɗaya da rabi. Mai harafin E an yi ta ne saboda mai ƙaramin ƙarfi. Sai mai harafin P, ta injiniyoyi da masu zanen gini, wadda babbarta, P16, ta doshi kilo 3. Wanda yake ganin wannan nauyi ne sai ya tuna da Osborne 1 ta 1981, wadda aka yi tallarta a matsayin ta ɗauka a yi tafiya, alhali ta kusa kilo 11, kamar keken ɗinki a cikin akwatinsa.

To, me ya hana a haɗa rashin nauyin X da ƙarfin P a farashin E? Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Kafin na'ura ta yi siranta sai an yi jikinta da kayan da ba su da nauyi amma masu tsada, sannan a matse komai a ciki, a manne ƙwaƙwalwar aikinta, wato ram, da dalma a jikin allon ciki ta yadda ba a iya ƙarawa har abada. Wanda ya sayi X1 Carbon mai giga 8, da giga 8 za su rabu. Ban da haka akwai zafi. Injin lissafi na kwamfuta, wato furosesa, gwargwadon aikinsa gwargwadon zafin da yake fitarwa, siririn jiki kuwa ba shi da wurin babbar fanka. Idan zafi ya yi yawa sai injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Wannan a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba a cika lura da shi ba, amma a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, ga zafi ya haura awo 40, ga an ɗauke wuta, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe hanyar iska, a nan ne 'yar lele take nuna halinta.

Ba wai rashin nauyi ba shi da amfani ba ne. Mai duba makarantu da mai binciken kuɗi da ke zagaya ƙananan hukumomi, da ɗalibin da zai sauko daga ɗakin kwana ya taka har zauren lacca a Samaru da jaka a baya, sun san bambancin rabin kilo. Sai dai a riƙa haɗawa da nauyin caja, domin ta masu ƙarfi kan yi kusan rabin bulo. Amma ma'aikacin da kwamfutarsa daga tebur sai aljihun tebur, in ya biya kuɗin rashin nauyi ya sayi abin da ba zai mora ba. A ganina ma, a ƙasar da wuta ba ta da tabbas, batir ya fi nauyi muhimmanci. Ana auna shi da awon da ake rubutawa Wh a jikinsa, na galibin masu fuska inci 14 kuwa yana tsakanin 40 da 60.

Maganar ƙarfi ita ce inda aka fi rufe wa mutane ido, saboda haka sai mu ɗan tsaya a kanta. Kwatanta kwamfuta da ofishin rajista. Furosesa shi ne akawu, ram shi ne faɗin teburinsa, ma'ajiya kuwa ita ce kabad ɗin fayil. Akawu komai kuzarinsa, in teburinsa fayil biyu kawai yake ɗauka, wuni zai yi yana kai da komo. Shi ya sa giga 8 na ram shi ne mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, 16 kuwa ya fi kwanciyar hankali ga mai buɗe Excel da Word da shafukan intanet goma a lokaci guda. Kabad kuma ya zama irin na zamani da ake kira SSD. Tsohon faifai mai juyawa ko kyauta aka ƙara masa girma, a bar shi.

Shi kuwa akawun, 'yan kasuwa sun gano cewa da sun ce i7 sai jikin mai saye ya mutu. Alhali kuwa i7 ba ɗaya ba ce, zubi-zubi ce, kuma ana gane zubin daga lambar da ke biye da sunan. Alal misali, i7-6600U ta zubi na shida ce, akawu biyu ne rak a cikinta. Ita kuwa i5-8350U ta zubi na takwas ce, akawu huɗu gare ta, kuma ta fi waccan aiki nesa ba kusa ba, duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Harafin ƙarshe ma magana yake yi. U na nufin mai tsimin wuta, wajen wat 15, wanda ya ishi aikin ofis da rubutun kundin digiri. H na nufin mai ƙarfi, wajen wat 45, mai shan batir. Ɗalibin zanen gini ko injiniya da zai yi aiki da AutoCAD, da jami'in safiyo mai zana taswira, su ne ke bukatar H, su kuma haƙura da nauyi. Ɗalibin shari'a ko tarihi ba ruwansa da ita.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi zubin nan. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda da ya ba waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, bisa ƙa'idar kamfanin, ba ta karɓar furosesan Intel da ya gaza zubi na takwas sai 'yan ƙalilan, kuma tana bukatar wani ɗan mukullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu gyara sun san dabarar cusa ta a kan tsofaffi, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyaran tsaro ba. Saboda haka in aka ga ta zubi na shida ko na bakwai ta yi araha ƙwarai, ga dalili nan. Ma'aikacin da ke ajiye takardun albashi ko sakamakon jarrabawa bai kamata ya ɗora su a kan irin wannan ba.

In da za a tambaye ni, ta tsakiya nake zaɓa wa mafi yawan masu karanta wannan shafi. T480 ta 2018 ta yi suna a wurin masu gyara saboda gurabun ram biyu gare ta, ga batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya ana cirewa a sa wani. Sa'o'inta su ne Latitude 7490 da EliteBook 840 G5. Sai dai a duba lambar furosesa da kyau, domin dukkansu an yi wasu da zubi na bakwai, kuma shekaru sun fara cim musu. Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi gara ya matsa ga T14 ta 2020 ko 2021, mai rabin ram a manne da gurbi ɗaya a buɗe. Mai iya sayen sabuwa kuwa, T14 ta 2024 ta dawo da gurabu biyu. Sabuwa mai harafin E ko ProBook tana da abu guda da tokumbo ba ta da shi, wato garantin kamfani da batir ɗan yau, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke zaune nesa da mai gyara.

Ranar ciniki kada a yi cinikin biri a sama. A kunna ta a gaban mai kanti, a sa shi ya buga umurnin powercfg /batteryreport, wanda zai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. In ya gaza kashi 70 cikin ɗari, a rage kuɗin sabon batir daga farashi. A shiga shafin BIOS a tabbatar ma'aikatar da ta mallake ta a da ba ta bar kalmar sirri a kulle ba, domin cire ta a wasu samfura sai an sauya allon ciki gaba ɗaya. A danna kowane harafi, a buɗe murfi a rufe sau da yawa, a gwada kyamara da kowace kafa ta jona waya. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da adadin kwanakin da aka yarda a mayar da ita, mai kanti ya sa hannu.